Ranar da Alhaji Ya Auna Bindiga da Kunne

Abin da na fara ji da na isa filin harbi wata ƙara ce, kas-kas-kas, kamar ana girgiza kwalin ashana. Alhaji ne tsaye a inuwa, ya kai ƙaramar bindiga kusa da kunnensa yana kaɗawa, ya yamutse fuska kamar mai zaɓen kankana a kasuwa.

Daga lekkol, wato makaranta, na biya gida na ɗauko kwanon abincin Kawu, ƙanin mahaifiyata. Shi ke kula da bindigogin ƙungiyar masu wasan harbi da ke bayan gari, kan hanyar Silet. Shi ke wankewa, ya shafa mai, ya kulle. Alhaji kuwa ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, mai shaguna a unguwar Tahaggart. Shi ya kafa wa ƙungiyar rumfa, shi ya sa ko tari ya yi sai an ce ya yi daidai. Ran nan harsashi goma ya harba, biyu kaɗai suka taɓa takardar da ake aunawa, su ma can ƙasa. Ya ce Kawu ne ya bar bindiga ta yi sako-sako, kuma kafin Juma'a a nemo wani a madadinsa.

Na san ba haka ba ne, don na sha zama kan benci ina kallon Kawu yana aiki, har ya taɓa nuna mini da bindigar da ba harsashi. Murfin sama, wanda ke ja da baya in an harba ya komo, dole ya ɗan yi wasa a kan jikin bindigar, in ba haka ba yashin garin nan ya cije shi. Ƙarar da Alhaji ke saurare ke nan. Bututun ne abin dubawa. Duk harbi yakan saki murfin, ya ɗan sunkuya, sannan ya koma ya kulle. In yana komawa daidai inda ya taso, harsasai wuri guda za su taru, tun da abin saiti a kan murfin yake. Kawu kan danna bututun da babban yatsa ta tagar da kwanson harsashi ke fita. In ya nutsa, da matsala. Na wannan bindigar ko gezau.

Kawu ya fara bayani a hankali, kansa a ƙasa. Alhaji ya katse shi.

"Malam, kunnena ba ya ƙarya. Mota ma in ta fara ƙara garaji ake kai ta."

Mutanen rumfar suka gyaɗa kai. Ɗaya har ya karɓi bindigar ya kaɗa a nasa kunnen, ya ce lalle kam. Shi wannan da ita ya ci gasa watan da ya wuce.

Alhaji ya ce a ba shi ya ƙara uku don kowa ya shaida. Ina bayan igiyar da ta tare 'yan kallo, ina kallo. Kafin kowace ƙara sai ya runtse idanu duka biyu, ya ɗage kafaɗu, ya tura hannun ƙasa kamar mai miƙa wa baƙon kare ƙashi. Ƙura ta tashi a gaban takardar sau uku. Manya masu gemu suna tsaye, duk sun gani, kowa ya sami abin dubawa a takalminsa.

Ni ko a aji aka kira sunana muryata maƙalewa take yi. Amma na ga Kawu ya fara ciro makullan ma'ajiya daga aljihu. Na ajiye kwanon, na je gaban shugaban ƙungiyar, wani dattijo mutumin Tazrouk mai jin Hausa, na durƙusa. Sai da ya sunkuyo kafin ya ji ni.

"Baba, don Allah kafin a karɓi makullan, a aza bindigar kan buhun yashi don kada hannu ya motsa ta, kai ka harba biyar da ita. Alhaji ya tsaya kusa ya saurara."