Ranar da Aka Lulluɓe Kwamfutata da Jiƙaƙƙen Buhu

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da maiɗakina ta yi wa kwamfutata gata irin na randa ba.

A lokacin ina da ɗan shagon buga takardu da fotokopi a bayan kasuwar Malanville, kuma in dai kan na'ura ne, taurin kaina ba ya da magani. Kowa yana aiki da tsarin da ya tarar a kwamfutarsa, ni na goge nawa na sa Linux, na dami abokai da wa'azinsa har suka fara canza hanya in sun hango ni. Har gobe ina nan kan bakana cewa ya fi dacewa da tsohuwar na'ura, ko da yake sai da na yi mako guda ina lallashin firinta kafin ta yarda ta yi aiki da shi.

Babban abin tunƙahona wata tsohuwar kwamfuta ce da na ajiye a gida, na mai da ita rumbun dangi. Na ce wa kowa, don me za mu ba kamfanin da ba mu san ƙofar gidansa ba ajiyar kayanmu? Na tattara hotunan suna da na biki, da abin da ya fi komai daraja a wurina: muryar marigayi mahaifina, wadda ƙanwarsa, Gwaggo, ta sa aka ɗauka a wayarta kafin rasuwarsa, yana ba da labarin yadda kakanmu ya ƙetaro gulbi daga Gaya a kwalekwale. Na ce kowa ya goge na wayarsa ya samu wuri. Ni ne ma na fara gogewa.

Sai bazara ta shigo, irin ta garinmu da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Fankar kwamfutar ta dinga kuka dare da rana, ni kuwa kullum ina mita a gaban maiɗakina: "Zahin ga shi ka kashe ta." Ban taɓa zaunar da ita na yi mata bayanin komai ba, mita kawai na iya.

Wata rana na tafi Guéné gyaran firinta. Da na dawo da la'asar, ƙaurin ƙonanniyar wayar lantarki ya tare ni tun daga zaure. Na tarar an lulluɓe kwamfutar da buhun albasa sharkaf da ruwa, yana ɗiga har cikinta. Maiɗakina ta fito da fara'arta, tana jiran yabo.

"Tun hantsi take kuka," in ji ta, "sai na yi mata abin da akan yi ma randa. Ga ta nan, ta yi tsit."

Lallai ta yi tsit. Ba ni da bakin faɗa, don ni na ce zafi ne ciwonta, ita kuma ta kawo maganin zafi da ta sani. Na kwance na'urar, na shanya, na yi duk dabarar da na iya har kwana uku, ko motsi. Hotunan ba su dame ni sosai ba. Muryar Baba ce ta tsaya mini a rai, na ji kamar ya sake rasuwa, kuma a hannuna.

Dole na hau kabu-kabu zuwa Madécali in gaya wa Gwaggo, don duk sa'ar da ta shigo gari sai ta ce in kunna mata ɗan'uwanta. Na same ta tana sheƙar shinkafa. Na durƙusa na kwashe labari kaina a sunkuye. Da na zo kan buhu, ta yi dariya har ta ajiye faifai. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan katin memori a naɗe cikin leda.

"Ɗana, kai kac ce a goge, ni ban ce na yarda ba. Na sa mai gyaran salula ya hidda min wanga, na sai wani. Ɗiyata ta Gaya ma tana da nata. Mu mutanen bakin gulbi, yaushe munka aje iri rumbu guda? Rabi nan, rabi ƙetare. In ruwa ya ci wanga, wancan na nan."

Ta sa katin a 'yar rediyonta. Baba ya yi gyaran muryar nan tasa kafin ya fara magana, ni kuwa, mai wa'azin na'ura, na zauna cikin ƙaiƙayi ina kuka ina dariya.

Yawancin hotunan sun tafi har abada. Na haɗa wata kwamfutar, don mai hali ba ya barin halinsa, kuma duk bazara maiɗakina sai ta leƙo ta ce, "Maigida, a jiƙo buhu?" Amma yanzu duk abin da na ajiye yana da kwafi a shago, wani kuma a Gaya. Tsohuwar da ba ta taɓa danna kwamfuta ba ita ta koya mini aikina: abin da kake ƙauna, in wuri ɗaya ka ajiye shi, ba ka ajiye shi ba tukuna.