Wankin Gefe Ɗaya

Ina da wurin wankin mota a Parakou, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda manyan motoci ke layi suna jiran lodi. Ba wani babban wuri ba ne. Fili ne da na zuba wa siminti, sai rijiya, sai injin feshin ruwa da ba ya tashi sai an lallashe shi, sai bishiyar mangwaro da na tarar a wurin. Ita bishiyar ta fi komai jawo mini mutane, domin a ƙarƙashinta akwai benci, kuma mai shayi yana kusa.

A shekarun farko ba ni da tsayayyen farashi. Mota ta shigo, in dube ta, in dubi mai ita, in faɗi abin da ya zo bakina, shi kuma ya riƙe baki ya ce na yi tsada, daga nan mu fara. Mu jikokin fataken goro ne, ciniki a jininmu yake. Sau da yawa ma'aikatana sun wanke mota, sun goge, ta bushe, ni da mai ita ba mu gama ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, masu manyan motoci su ne gwanayen abin. Alhaji zai sauko daga jif, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya tuna mini cewa kakarsa da kakata a gida ɗaya suka tashi a Djougou, kafin in farga na wanke masa jif a kuɗin babur. Su kuwa 'yan zem, masu haya da babur, ba su da lokacin tarihi. Su biya su wuce.

Matata ce ta fara gajiya. Tana sayar da atamfa, tana zuwa Cotonou saro kaya, kuma duk zuwan da ta yi sai ta dawo da wata sabuwar dabara da za ta gwada a kaina. Wannan karon allo ta gani a wani wurin wanki, an rubuta kowane irin aiki da kuɗinsa.

"Maigida, kai ba wanki kake yi ba, zumunci kake yi da ruwan rijiya," in ji ta. "A kafa allo."

Muka zauna muka kasa aikin gida uku. Na farko wankin waje kawai. Na biyu waje da ciki, a kakkaɓe kujeru, a wanke tabarmin ƙafa. Na uku shi muka kira komple, har da inji da ƙarƙashin mota da man da ke sa taya ƙyalli. Babur da nasa layi, babbar mota da nata. A kan kuɗin na tsakiya muka fi daɗewa. Ni na so in ɗaga shi, ita ta ce a'a, a matso da shi kusa da na farko. Ta ce ta san mutanenmu, ba wanda zai yarda a gan shi yana nuna na ƙasa a gaban 'yan benci, kuma ba wanda zai yarda ya biya na sama. Na kawo maganar motocin da ke fitowa daga Kolokondé da damina, waɗanda jar laka ke rufewa har ba ka gane launinsu, ta ce a ƙara musu kuɗin laka. Mai fenti ya zo ya rubuta da Faransanci da Hausa, a can ƙasa ya sa "prix fixe" da jan fenti, wato farashi ɗaya ba ciniki, ya ja masa layi.

Allon ya yi aiki, kuma har gobe ina alfahari da shi. Alhaji zai tsaya ya karanta, ya yi gyaran murya, ya fara laluben kakarsa, ni kuwa in langaɓe kai in ce, "Alhaji, da ta ni ce ai ba komai, allo ne ya faɗa." Ba a taɓa samun wanda ya iya haɗa dangi da allo ba. Yawancinsu na tsakiya suke zaɓa, kamar yadda ta faɗa, abin da ta yi ta tuna mini safe da yamma.

Mutum ɗaya ne ba mu tuna da shi ba, shi ne Baba. Abokin mahaifina ne tun suna samari, direban taksi a layin Parakou zuwa Djougou. Shi ba ya cewa Djougou, Zugu yake cewa, irin na tsofaffi. Motarsa tsohuwa ce mai dogon baya, tana ɗaukar mutane da doya da buhunan gari, wani lokaci har da akuya. Tun ranar da na buɗe wurin yake zuwa kowace safiya kafin ya shiga layi, kuma wankinsa daban yake da na kowa. Gefen dama kawai ake wanke masa, da gilashin gaba. A tasharsu ana jera motoci jikin katanga, gefen dama fasinja ke gani, ta nan kuma suke shiga.

"Hagu ni kaɗai ke shiga ta nan," haka yake cewa, "ni kuwa na san motata."

In an gama ya miƙa 'yan canjin da suka saba, ya zauna a benci ya sha shayi, ya yi mini faɗa a kan duk abin da idonsa ya faɗa kai. Tun da mahaifina ya rasu ba wanda ya rage a garin nan da ke yi mini tsawa in yi shiru sai shi, kuma ina son abin fiye da yadda zan iya gaya masa.

Ranar da aka kafa allo ya zo kamar kullum. Ya fito daga mota, ya goya hannu a baya, ya tsaya gabansa. Boko bai yi ba, sai ya ce in karanta masa. Na karanta tun daga sama har jan rubutun ƙasa.

"Ina nawa?" in ji shi.

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, allo ai na baƙi ne. Kai ka shigo kawai, ko sisi ba sai ka bayar ba."

Ya dube ni, ya ce madalla, ya shiga motarsa ya ja da baya. Ban ɗauki abin da zafi ba, na zaci sauri yake. Washegari bai zo ba. Aka yi kwanaki bai zo ba, benci ya koma hannun masu gardamar ƙwallo. Na shiga damuwa sosai, domin na san halin tsofaffin nan. Ba sa faɗa da kai, janye ƙafa kawai suke yi, sai ka ga an shekara kuna gaisawa daga nesa.

Wata safiya na bi ta tasharsu da gangan. Na hango shi ya duƙa da bokiti da tsumma yana wanke ƙofar baya, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Mutumin da in zai tashi daga benci sai ya yi bismilla sau biyu! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san in na yi masa magana a nan, a gaban direbobi, zai ce lafiya lau, motsa jiki yake yi. Sai na je wurin mai yankan tikiti na biya kujerar gaba, wai za ni Djougou gaida gwaggona.

Da mota ta cika ya shigo, ya gan ni a gefensa, bai nuna mamaki ba. Ya ce in riƙe ƙofar da kyau, takan buɗe a kwana.

Muka fita gari. A baya mata 'yan kasuwa suna ta hira da yaren Dendi suna gutsurar rogo. Na fara da cewa na rage masa, ya ba da rabin kuɗin wankin waje a wanke masa motar duka. Ya ce Allah ya yi albarka, ya kauce wa rami. Na ce to ya ci gaba da ba da abin da ya saba, ba wanda zai sani. Ya ce shi zai sani. Na ce to ya ɗauka ni ɗansa ne ina yi masa hidima. Ya ce yana da 'ya'ya, kuma su ma ba sa wanke masa mota.

Sai da muka tsallake gada a Bétérou, aka tsaya wata mata ta sayi kifi, sannan ya kashe mota ya juyo.

"Yaro, saurara. Da can ni da mai jif duk ɗaya muke a wurinka, kowa ya yi ciniki ya biya abin da ya iya. Yanzu ka kafa allo, kowa na biyan abin da aka rubuta, ni kaɗai za a riƙa shigarwa ta bayan gida. Waɗanda ke benci suna da ido. Abin da ka rage mini ni kaɗai sadaka ce, ni kuwa ban kai nan ba tukuna. Abin da ka rubuta kowa ya gani, shi ne ciniki."

"Baba, in rubuta wankin gefe ɗaya a allo? Mutane za su yi mini dariya."

"Da ma suna yi," in ji shi, ya tada mota.

Ɗaya daga cikin matan baya, ashe duk tana jin Hausa, ta miƙo kai ta ce ita ma in za a sa shinkafa rabin faranti a allo tana so. Motar ta kwashe da dariya, har Baba sai da gemunsa ya motsa.

A Djougou dole na je na gaida gwaggon, tun da na riga na faɗa. Ta cika ni da sakwara, ta tambaye ni ko lafiya na zo ba sanarwa, na ce kewarta ce ta kamo ni, ta ce ƙarya nake amma in ƙara miya. Da la'asar na dawo tasha. Baba ya sa na sake biyan kuɗin mota cif, bai rage mini ko dala ba, ya ce su ma a tasharsu firi fis ne, ba ragi.

A gida aka yi ta. Matata ta ce in aka rubuta wankin gefe ɗaya a allo, duk direbobin layin za su koma kansa. Ta ce kuma mota ta fito daga wurinmu rabi fes rabi buɗu-buɗu, masu wucewa za su ce ruwa ne ya ƙare mana. Duk gaskiya ta faɗa, ban musa ba. Na ce mata kawai na ga Baba a duƙe da bokiti. Nan ta sassauto, domin shi ya karɓa mini aurenta, kuma duk dawowar da zai yi da cukun Fulani sai ya aiko mata. Can ta ce to, amma ita za ta yanka kuɗin, kuma ba za a sa shi daidai rabin wankin waje ba, sai ya ɗan haura, tun da gilashin gaba ba a raba shi biyu.

Mai fenti ya dawo. Da na gaya masa abin da zai rubuta sai da ya ajiye buroshi ya yi dariyarsa ta ishe shi, sannan ya matse sabon layin a sama da na farko, da ƙananan haruffa don wuri ya yi kaɗan. Abin da matata ta faɗa ya faru, direbobin layin Djougou sun koma kansa kusan dukansu. Sai dai aikin ba ya cin ruwa, ba ya cin lokaci, kuma masu zuwa sau ɗaya a mako sun koma zuwa kullum, saboda haka ba ta sake tada maganar ba.

Amma wannan daga baya ne. A safiyar farko ba direbobi nake jira ba. Na aika a gaya wa Baba ya zo ya ga allo, na rasa zama, ina ta leƙen hanya, ina yi wa ma'aikata faɗan da ba su cancanta ba. Rana ta ɗan ɗaga sai ga ƙarar motarsa, wadda ko a cikin mota ɗari zan gane.

Ya fito, ya goya hannu a baya, ya ce in karanta. Na karanta da ƙarfi yadda 'yan benci za su ji. Ya ce ya yi tsada. Na ce allo ne ya faɗa. Ya zaro kuɗi ya biya a gaban kowa, ya ƙi zama, ya tsaya yana kallo.

Na karɓi tiyo daga hannun ma'aikaci na ce yau ni zan wanke. Na bi gefen dama da soso ƙofa bayan ƙofa, na wanke gilashin gaba. Da na zo kan bonet hannuna ya zarce da kansa, soso ya fara gangarawa hagu. Sai na ji an riƙe mini gwiwar hannu.

"Tsaya nan. Wannan ban biya ba."

Na tsaya, ruwa na zuba a kan takalmina, ina dariya. Ya sake ni, ya nufi benci, ya ce wa masu gardamar ƙwallo su matsa, wurinsa ne. Da ya zauna ya ɗaga kai ya dubi mangwaron, ya ce wane irin mutum ne ni da zan bar reshe ya bushe a kan mutane, in nemo adda yanzu yana kallo.