Damin Dawa Ɗari da Babu Su a Rumbunmu

Wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Cikin duk abin da na gani a wurinta, akwai wani hantsi guda da ba zai taɓa fita daga raina ba.

Zamanin Turawa ne, ina aji uku a elementare ta Birnin Gwari, na koma ƙauyenmu wajen Kakangi hutun bazara. Wani ɗan kasuwa mai kai wa masu haƙar zinariya abinci a daji ya zo yana neman dawa dami ɗari. Babanmu ya ce zai sayar, in dai abin da zai rage zai kai mu har gero ya nuna. Mu sha huɗu ne a gidan.

Rumbunmu mai zurfi ne, ba a iya ƙirga abin da ke ciki sai an sauke shi duka. Don haka duk damin da aka fitar, Baba yakan jefa tsakuwa ɗaya a wata tsohuwar ƙwarya. Da kaka an zuba dami ɗari uku da goma sha biyu. Ranar muka ƙirga tsakuwa, ɗari da tamanin da bakwai.

Baba ya ce, “To ɗan boko, nawa ya rage?”

Na ɗauko allona na rubuta, na ce ɗari biyu da ashirin da biyar. Baba ya yi murmushi, ya ce a kawo jakuna.

Inna tana gefe tana sussuka. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Ba ta ajiye taɓarya ba, ta ce, “Malam, ɗari uku da ’yan kai aka zuba, ko? An ci kusan ɗari biyu. Ai abin da ya rage ɗari ne da ’yan kai. Wannan ɗari biyun da mai allo yake faɗa, daga gonar wa aka kawo?”

Baba ya ce, “Ke kuma. Yaron da Bature ya duba allonsa ya yaba?”

Ta ce, “Baturen ne zai ciyar da mu da damina?”

Na sake duba allon. Na ari ɗaya daga gidan ɗari, na manta ban rage shi ba. Ɗari da ashirin da biyar ne. Da an ɗora wa jakunan nan kaya, dami ashirin da biyar za a bar wa mutum sha huɗu.

Na tsaya ina kallonta. Abin da malaminmu ya yi mako guda yana koya mana ke nan, cewa kafin ka rubuta, ka kai kowace lamba ɗarin da ta fi kusa da ita, ka kintata amsar. Mu muka ɗauke shi ɓata lokaci. Ita ko ƙofar aji ba ta taɓa gani ba, ta yi shi tsakanin bugu biyu na taɓarya.

Ɗan kasuwa ya koma da jakunansa babu kaya. Shekarar ruwa ya makara, sai da muka share gindin rumbu kafin a yanki gero, amma ba wanda ya kwana da yunwa.

Tun daga ranar na koyi cewa lissafi yakan fito tsaf a rubuce, alhali kuskure ne. Kafin in amince da kowace amsa, sai na ja da baya na tambayi kaina ko girmanta ya yi kama da gaskiya.