Teburin Afirka a Otal Ɗinmu

Shekara bakwai na yi ina aiki a wani otal kusa da Harami, a ɗakin baya inda ake amsa waya ana kama wa mahajjata ɗakuna. Ɗakin ko taga babu. Sau uku ina neman a mayar da ni wurin karɓar baƙi, sau ukun ana cewa in ƙara haƙuri. 'Yan matan da na koya wa aikin da hannuna su ake kaiwa can, farare tas, wata a cikinsu ko wata biyu ba ta yi da fara aiki ba. Ni ba a tunawa da ni sai wata tsohuwa daga Katsina ko Maraɗi ta ɓatar da makullinta, ta tsaya tana kuka ba mai jin yarenta. Sai ka ji an ce a kira Takruniyar nan. Haka ake kiran baƙaƙe irinmu a Makka, kuma ba don ƙauna ba.

A unguwar Tandabawi ta nan Makka aka haife ni, a nan aka haifi babana. Kakana ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Hausa ta Sudan, ya yi aikin hajji bai koma ba. Katin ɗan ƙasa da ke jakata iri ɗaya ne da na kowa a otal ɗin.

Sai aka kawo mana sabon manaja, mai yawan fara'a, kullum maganarsa ita ce dukanmu 'yan gida ɗaya ne. Ya ce za a yi ranar al'adu, kowace ƙasa da teburinta. Ya kira ni ofishinsa.

"Ustaza, ke za ki riƙe mana teburin Afirka. Ki sa kayanku masu launin nan, ki kawo abincinku. Za a ɗauki hotuna."

Na ce, "Ustaz, su wa ke teburin Saudiyya?"

Ya lissafa 'yan mata uku na wurin karɓar baƙi.

"Ni fa?"

Ya yi dariya. "Ai kin gane. Asali nake nufi."

"Ɗaya daga cikinsu kakanta daga Bukhara ya zo. Ina teburin Bukhara?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ce kada in mai da abin alheri rigima.

Da na koma gida na ba Umma labari. Na zaci ranta zai ɓaci. Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"'Yar nan, ki soya musu waina ki huta. Ko Hausar ce ta zame miki abin kunya?"

Wannan ta fi ta manaja yi mini zafi. Na ce, "Umma, da sun ce in tsaya a teburin ƙasata in ajiye waina kusa da sambusa, wallahi da ni zan tashi da asuba in soya. So suke su tsayar da ni a matsayin baƙuwa a garin da aka binne kakana."

Ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da tsintarta.

Ranar bikin na zo da baƙar abayata kamar kullum, na wuce ɗakin baya na zauna ina amsa waya. Ashe sun samo mafita. Wata dattijuwa mai shara, 'yar Chadi, suka naɗa wa atamfar da aka sayo a kasuwa, suka tsayar da ita har la'asar tana murmushi da ƙafarta mai ciwo. Ba wanda ya ba ta kujera. Da aka watse, ita ta share wurin, da atamfar a jikinta.

Ƙarshen shekara aka rubuta a takardar auna aikina cewa ba ni da haɗin kai da abokan aiki. Na rubuta ƙorafi zuwa sama, shafi biyu, ban ɓoye komai ba. Amsar ta zo layi uku: suna godiya, kuma suna alfahari da ma'aikatansu na kowane launi. Na karanta ta a tsaye, na ji kamar in fasa allon kwamfutar.

Bayan hajjin shekarar na ajiye aikin. Yanzu ina karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a unguwar Rusaifa. A makona na farko wani mutum ya tsaya gabana ya ce, masha Allah, Larabcina da kyau, a ina na koya? Na miƙa masa lambarsa na ce ya zauna, likita zai kira shi. Na kira na bayansa, na rubuta sunansa.