Sulhun da Na Karanta wa Yaya Umaru

Shekara biyar ke nan da muka ɗauko gawar yayana Umaru daga gonarsa ta albasa, a fadamar Rima, tsakanin Wurno da Goronyo.

A lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo. Wata safiya aka miƙo mini takarda: gwamnati ta yi sulhu da shugabannin 'yan bindigar daji, waɗanda ke cewa hakkin makiyaya suke nema, kuma manoma na iya komawa gonakinsu. Na karanta ta a natse, yadda aka koya mini. Ban tambaya ko wa ya sa hannu ba, ko dabar 'yan bindiga nawa sulhun ya shafa.

Rani biyu Yaya bai taka fadamar ba. Da na ji yana gyara injin ban-ruwa, na buga masa waya na ce ya ɗan dakata. Ya yi dariya.

"Mi za ni tsoro, Bello? Ba wani yaf faɗa min ba. Da muryarka nij ji."

Mako uku ya yi yana dashe. Waɗanda suka harbe shi, an ce, yaran wata daba ne da ba a zauna da ita ba. Wannan bayanin ma ni na karanta.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san abin da zan nuna masa ba. Mutanen ƙauyukan wajen Gandi sun gudo sun cika makarantu a Rabah. Jauro, Bafulatanin da ke sauke shanunsa a gonarmu bayan girbi, ya ƙaura. 'Yan daji sun kwashe masa garke, 'yan gari kuma sun daina amsa sallamarsa. Yaya yakan ce ƙasar da shanu ba su kwana a kanta ba ta gajiya. Ta huta yanzu, ba shanu, ba manomi.

Abin da ya rage nasa shi ne irin albasarsa. Irin albasa ba ya jure ajiya, don haka kowace shekara matarsa Hajo takan shuka kaɗan a bayan ɗaki, ta bar shi ya yi fure, ta tara sabo a kwalba. Bayan ɗaki dai ba ya ciyar da mutum bakwai.

A watan jiya aka sake shelar sulhu. Hajo ta zo har Sakkwato da kwalbar a jaka. Ta ce hatsi ya ƙare, babban ɗansu Sani yana son ya koma fadama, ita kuma ba za ta sake shi ba sai ta ji daga gare ni.

"Kai kas san yadda aka rubuta su. Wanga na gaskiya na?"

Na daɗe ina kallon kwalbar. Na ce mata ta sake shukawa a bayan ɗaki.