Kifanyar da Bay Khiem Bai Saka Ba

Bay Khiem ba mutum ne mai magana ba. Mun yi shekara ashirin da ɗoriya muna aiki a gidan ƙyanƙyasar kifi ɗaya a bakin Kogin Hau, shi a tafkin iyayen kifi, ni a ɗakin ƙwai, amma duk hirar da ya taɓa yi da ni ba ta taka kara ta karya ba. Matarsa Ut Lanh ce ke yin maganar su biyu. Kullum da rana takan kawo masa shinkafa da romon tsami, ta zauna a bakin tafki tana zuba, yana ci yana gyaɗa kai.

'Yarsu ɗaya, Diem. Ta tafi birnin Can Tho karatu, ta dawo gidan ƙyanƙyasar namu da farar riga, tana bincike a kan tsokar kifin tra, wani irin tarwaɗa da muke kiwo. Ina wurin ranar da ta yi wa ubanta bayani.

"Baba, a naman kowane kifi akwai wani sinadari da ke ce wa tsoka ta isa haka, ta daina girma. Ka ɗauke shi kamar birki."

"To?"

"A jikin wasu, birkin ba ya kamawa sosai. Su nake nema."

Haka suka shiga aikin. Shi ya kamo kifi ya rungume, ita ta ɗan yanki bakin fiffikensa ta kai ɗakin gwaji, waɗanda suka dace a haɗa su da juna. Bayan 'yan shekaru aka samu wata kifanya mai faɗin baya kamar matashin kai, nama cunkus tun daga wuya har wutsiya. Ut Lanh ta raɗa mata Lukuta, kuma duk faɗan da Diem ke yi bai hana ta jefa mata ayaba a ɓoye ba.

Da ciwon hanta ya kwantar da Ut Lanh, ta kira mijinta, ina zaune ina yi mata fifita.

"Baban Diem, ranar da na cika kwana arba'in da tara da rasuwa, kada ka sayo mini 'yan ƙananan kifin kasuwa ka saka a kogi. Lukuta nake so a saka domina. Tun da aka ƙyanƙyashe ta take zagaya rami ɗaya. Ta je ta ga ruwa."

A wurinmu abu mai rai ake saki don ladan ya iske mamaci a hanya, kuma ba a musu da mai shirin tafiya. Khiem ya gyaɗa kai. Duk wanda ya san shi ya san magana ta ƙare.

Bayan rasuwar na gan shi yana wanke babban baho, yana toshe ɓular kwalekwale. Ni na gaya wa Diem, kuma ko yau abin ya dawo zan sake gaya mata. Ta same shi a bakin tafki, farin ƙyallen makoki na ɗaure a goshinta.

"Baba, Lukuta ba za ta fita ba."

"Uwarki ta ce."

"In ta haɗu da mazan kogi fa? Ba mu san abin da 'ya'yanta za su yi wa kifin kogi ba. Ko su cinye abincinsu, ko su gurɓata irin. In sun bazu, wa zai kira su su dawo?"

"Kogin da ya ci gidaje ya ci mutane, kifi ɗaya ne zai gagare shi?"

"Ba ɗaya ba ce, Baba. Kai ke tatsar ƙwanta, ka fi ni sanin yawansa."

Ya juyo ya dube ta. "To, 'yar boko, ke za ki je ki gaya wa uwarki?"

Nan Diem ta fashe da kuka. "Ni ba ta bar mini wasiyya ba. Kai ta bar wa. Makullin tafkin yana wuyanka, ba mai iya hana ka." Ta juya ta tafi. Tausayinsu ya kama ni su duka biyun, har na rasa wanda zan bi.

Ranar ta zo. Dangi suka taru a mashigar kwalekwale, malamin haikali yana karatu, hayaƙin turare na tashi. Khiem ya tuƙo da bahon a rufe da buhu. Diem ta tsaya can baya, ta kasa ɗaga kai. Ya yaye buhun, ya karkata bahon, sai koren ruwan tafki ya malala cikin kogi. Babu kifi a ciki.

Dangin Ut Lanh suka fara gunaguni. Shi bai ji su ba, da kogin yake magana.

"Maman Diem, ga ruwan da take sha. Ita kam ban kawo ta ba. 'Yarki ce da gaskiya, ni kuma na saɓa miki."

Ƙanin Ut Lanh bai sake taka gidansa ba. Khiem bai taɓa kare kansa a gaban kowa ba, bai kuma taɓa ɗora wa Diem laifi ba. Ya ci gaba da ciyar da Lukuta da hannunsa. Daga zuriyarta aka samu irin da yanzu ake kiwo a tafkunanmu masu shinge, sai dai duk wanda ya zo yabon aikin, Khiem yakan tashi ya bar masa wurin.

Shekara uku bayan haka nasa ciwon ya zo. Diem ta durƙusa a gefen tabarmarsa.

"Baba, me kake so in saka maka a kogi? Faɗi ko mene ne, zan yi."

Ya kama hannunta ya riƙe.

"Kada ki yi mini alkawari, 'yata. Ba na so ki rayu da shi."