Waƙar Daka da Baƙuwa Daga Tunis

A Jarwal, wata unguwa a ƙasa mai tsarki, aka haife ni, kuma ban taɓa taka ƙasar Hausa ba. Alhazan da ke sauka a unguwarmu kan yi wa Hausata dariya, su ce rabinta Larabci ne. Abin yana ƙona mini rai, don ni ba mai haƙuri ba ce, amma sai in haɗiye, tunda su ne masu sayen yajina.

Wata shekara cikin shekarun 1960, ana saura kwanaki a hau Arfa, ina daka yaji da hantsi a tsakar gida. Ina rera waƙar dakan da na koya wajen mahaifiyata, ita kuma ta gada daga kakata, wadda ta taho da ƙafa ta Chadi da Sudan. Waƙar mutum biyu ce, ɗaya ta bayar ɗaya ta amsa, to ranar Inna tana wajen wuta, ni kaɗai nake abina.

Sai na ji an amsa mini daga bayan katanga.

Na tsayar da taɓarya na leƙa. Wata tsohuwa ce baƙa, cikin farin mayafi irin na mutanen ƙasashen Magrib, tana riƙe da ƙofarmu kamar za ta faɗi. Na gaishe ta da Hausa, ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Inna ta fito tana goge hannu.

"Marhaba, ya Hajja. Shigo mana, rana ta yi zafi. Ke kuma kin tsaya kamar gunki, yalla, kawo tabarma."

Da Larabci muka yi maganar, nata mai wuya, namu na Hijaz. Daga Tunis take. Kakarta an kamo ta tana yarinya, aka ƙetara hamada da ita aka sayar. Ba ta bar musu sunan gari ba, ba ta bar sunan uba ba, waƙar nan kaɗai ta bari, tana yi in tana daka. Tsohuwar ta haddace ta tun tana ƙarama ba tare da sanin me take cewa ba, kuma duk waɗanda za ta tambaya sun mutu.

"'Yata," ta ce mini, "don Allah faɗa mini abin da kakata ke faɗa."

Na sake bayarwa, ta amsa. Kalmomin sun lanƙwashe a bakinta, amma ko gaɓa ɗaya ba ta ɓata ba, har wurin da ake ɗaga taɓarya a tafa, nan ma ta tafa. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Waƙa ɗaya ta bi arewa da bauta, ta bi gabas da aikin hajji, ta zo ta haɗu a turmina, kuma Hausata da ake rainawa ita ce za ta fassara.

Na ce mata uwa ce ke kiran 'yarta da ta tafi rafi. Tana cewa rana ta karkata, tuwo ya huce, ki dawo gida. Amshin kuma na yarinyar ne, tana cewa ga ni nan tafe, Inna, kada ki rufe ƙofa.

 Sai tsohuwar ta ce kakarta ba ta taɓa rera ɓangaren uwar ba. Amshin kawai take yi, kullum, har ta rasu.